Tambaya da Amsa: Me Ke Gudana a Cikin Kwamfutarka ta Linux?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata sun karkata zuwa gefe guda, domin kusan dukkansu daga masu amfani da Linux ne, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, waɗanda kwamfutocinsu suka yi nauyi, ko suka daskare, ko wata manhaja ta ƙi rufuwa. Na zaɓi biyar daga Yamai da Tahoua, na taƙaita tambayoyin ba tare da sauya ma'anarsu ba.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibi a Harobanda, Yamai: Malam, ina da tsohuwar kwamfutar hannu mai RAM (ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke aiki a ciki) giga 4, na sa mata Ubuntu (wani nau'in Linux) domin karatu. Wani lokaci fankarta takan yi ta ƙara, linzami ya riƙa ja da ƙyar. Wani abokina ya ce in buɗe top, duk abin da na gani a sama in kashe shi da kill -9. Shin wannan daidai ne?

Ƙanena, rabin shawarar abokinka tana da kyau, rabin kuma ita ce hanyar da mutane da yawa suke rasa aikin da suka kwana suna yi. Buɗe top, umarnin da ke jera ayyukan da ke gudana a na'ura, daidai ne. Kashe duk abin da ya hau sama ba tare da sanin ko mene ne ba, wannan kuskure ne, kuma fara kashewa da lamba 9 kuskure ne na biyu a kan na farko.

Duk manhajar da ka buɗe, Linux yakan mayar da ita aiki mai gudana guda ɗaya ko fiye, ya ba kowane aiki lamba tasa da ake kira PID. Aiki na farko da ke tashi idan an kunna na'ura shi ke riƙe da lamba 1, kuma a Ubuntu tun shekarar 2015 wannan aiki shi ne systemd, mai tayar da hidimomin tsarin. Ayyukan manhajojin da kake gani kusan duk zuriyarsa ne, domin kowane aiki wani aikin ne ya haife shi. Wannan tsari ya girmi Linux kansa: an gaje shi daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Amurka a 1969, shekaru 22 kafin Linus Torvalds ya fitar da Linux a ƙasar Finlan a 1991. Na kawo wannan ne domin ka san cewa abin da za ka koya a nan ba zai tsufa da fitowar sabon Ubuntu ba.

Idan ka rubuta top a taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, kada idonka ya tafi kai tsaye zuwa jerin sunaye. Fara da layin farko, inda lambobi uku suke a ƙarshe. Waɗannan su ne matsakaicin nauyin da ke kan na'ura a minti 1, da minti 5, da minti 15 da suka wuce, wato yawan ayyukan da ke amfani da furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, ko suke jiran a ba su dama, ko suke jiran faifan ajiya. Lambar ba ta da ma'ana sai an gwada ta da yawan ƙwayoyin furosesarka, wanda umarnin nproc zai gaya maka. Idan ƙwayoyi biyu gare ka kuma nauyin ya tsaya a 1.50, na'urar tana numfashi. Idan ya kai 6.00 ya zauna a can, ayyuka sun yi layi suna jira, kuma wannan jiran ne kake ji a hannunka lokacin da linzami ya ƙi tafiya. Idan lambar farko ta fi ta ƙarshe girma sosai, matsalar yanzu ta fara. Idan ta ƙarshe ce babba, ta fara lafawa, kuma wataƙila haƙurin minti biyu ya ishe ka.

Bayan haka ka dubi layin furosesa, ka nemi inda aka rubuta wa. Wannan yana nuna kason lokacin da furosesa ta zauna ba ta aikin komai saboda tana jiran faifai. A tsofaffin kwamfutoci irin waɗanda ake sayarwa na hannu a kasuwannin Yamai, masu faifai mai juyawa da RAM kaɗan, sau da yawa a nan cutar take: RAM ta cika, Linux ya fara kwashe bayanai zuwa swap, wurin da aka ware a kan faifai domin ya rage wa RAM kaya, faifan kuma ya kasa saurin da ake buƙata. A irin wannan hali aikin da ke saman jerin top ba lallai ne shi ne mai laifi ba. Danna babban harafin M domin jerin ya bi yawan RAM da kowa ya ci, ka dubi rukunin RES, wanda shi ne ainihin abin da aiki ya riƙe. Rukunin VIRT yakan nuna lambobi masu ban tsoro waɗanda ba su da wani amfani gare ka a nan. Babban harafin P zai mayar da jerin bisa furosesa. Idan ka ga wani aiki da kashi 180 cikin 100, top bai ruɗe ba: yana ƙirga kowace ƙwaya a matsayin 100, don haka aikin yana cin kusan ƙwayoyi biyu ne.

Ina ba ka shawarar ka girka htop, wanda Hisham Muhammad ɗan ƙasar Burazil ya rubuta a 2004. Ya fi top sauƙin karantawa, kuma idan ka danna F5 zai nuna maka ayyukan a matsayin iyaye da ƴaƴa, ta yadda za ka gane cewa ayyuka goma sha biyun da ka ɗauka baƙi ne duk shafukan Firefox ne. A nan maganin shi ne ka rufe shafukan da ba ka karantawa, ba sai ka kashe komai ba.

Yanzu ga batun kill. Wannan umarni sigina yake aikawa, kuma idan ba ka faɗi wace ba, yakan aika ta 15, wadda ke neman aikin ya tattara ya rufe kansa. Aikin yana jin wannan kira, yana da damar kammala rubuta abin da yake rubutawa, ya saki fayilolin da ya kulle, ya sallami ƴaƴansa. Sigina ta 9 kuwa ba ta isa ga aikin ma. Zuciyar Linux, wato ainihin ɓangaren tsarin da ke iko da dukkan ayyuka, ita ce ke cire shi nan take ba tare da ta tambaye shi ba. Bambancin kamar na mai shagon da aka ce ya rufe don dare ya yi, ya ƙirga cinikinsa ya sa kwaɗo, da wanda aka fizgo daga cikin shagon aka bar ƙofa a buɗe da kuɗi a kan tebur. Idan ka kashe soffice.bin, wato aikin manhajar rubutu ta LibreOffice, da lamba 9 kana tsakiyar rubuta babin binciken kammala karatunka, duk abin da ba a adana ba yana iya tafiya, kuma a gefen takardar zai bar wani ɓoyayyen fayil mai farawa da .~lock, wanda zai iya sa LibreOffice ya ce maka wani yana amfani da takardar. Don haka ka fara da maɓallin rufewa na manhajar, sannan kill da lambar aikin kawai, ka jira daƙiƙa goma, ka sake dubawa. Sai idan ya ƙi tafiya ne za ka ɗauko 9. Ayyukan da sunayensu ke cikin baka mai kusurwa a jerin ps aux, irin su kworker, na zuciyar tsarin ne, kada ka taɓa su.

Abu na ƙarshe, tunda ka ambaci fanka: a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, furosesa takan rage saurinta da kanta domin kada ta ƙone, kuma ƙurar da hunturu ya tara a hanyar iska tana ƙara tsananta hakan. Girka lm-sensors ka rubuta sensors. Idan zafin yana kusantar digiri 90, kai ta wurin mai gyara ya busa mata ƙura kafin ka zargi wata manhaja.

Tambaya ta biyu, daga wata mai shagon buga takardu a Tahoua: Malam, kwamfutata mai Linux Mint tana nuna cewa RAM ɗin da ya rage kaɗan ne ko da ban buɗe komai ba. Sannan wani lokaci ina haɗa babban fayil na hotuna, sai manhajar ta ɓace haka kawai.

Hajiya, tambayoyi biyu ne a nan, kuma ta farkon ba matsala ba ce. Linux ba ya barin RAM a zaune babu amfani. Yakan ajiye fayilolin da kika buɗe kwanan nan a ciki domin su yi saurin buɗuwa a karo na gaba, kuma da zarar wata manhaja ta buƙaci wurin sai ya sakar mata. Ki rubuta free -h, ki ƙyale rukunin da ke nuna abin da yake fanko, ki dubi rukuni na ƙarshe, mai nuna abin da za a iya samu. Wannan ita ce lambar gaskiya. Ina kuma roƙonki kada ki girka manhajojin da ke cewa suna share RAM, domin abin da suke sharewa shi ne abin da ke sa na'urarki sauri.

Ɓacewar manhajar kuwa alama ce ta cewa RAM da swap sun ƙare da gaske. Idan haka ta faru, zuciyar Linux takan zaɓi aiki ɗaya, galibi wanda ya fi cin wuri, ta kashe shi da sigina ta 9 domin sauran tsarin ya tsira. Za ki iya tabbatarwa: bayan abin ya faru, ki rubuta journalctl -k sannan ki nemi layin da ke ɗauke da Out of memory, inda za ki ga sunan aikin da aka kashe da lambarsa. Maganin gaggawa shi ne ki rufe burauza kafin ki fara aikin hotuna, ki riƙa adanawa a kai a kai, ki kuma raba babban fayil gida biyu ko uku. Maganin dindindin shi ne ƙarin RAM, kuma ga wadda sana'arta ta dogara da wannan na'ura, kuɗin ba asara ba ne.

Tambaya ta uku, daga wani malamin makaranta a Boukoki, Yamai: Na so in girka manhaja da apt (umarnin girka manhajoji), sai aka ce mini ba a iya samun makullin lock-frontend ba. Wani ya ce in goge fayil ɗin makullin. In goge?

Malam, kada ka goge. Wannan makulli yana nan ne domin kada ayyuka biyu su riƙa sauya kundin manhajojin na'ura a lokaci guda, kuma kasancewarsa a rufe yana nufin wani aiki yana ciki. A sababbin fitowar Ubuntu saƙon kansa yakan faɗi lambar aikin da ke riƙe da shi da sunansa, kuma mafi yawan lokuta za ka ga unattended-upgr, wato mai sabunta tsaro da ke tashi da kansa jim kaɗan bayan an kunna kwamfuta an haɗa ta da intanet. Inda intanet ke da sauri yakan gama kafin mutum ya lura. A wurinmu, inda da yawa suke jan intanet daga wayar hannu, yana iya ɗaukar rabin sa'a, kuma wannan jinkirin ne ke sa mutane su ɗauka ya maƙale.

Ɗauki lambar da saƙon ya ba ka, ka dube ta a htop. Idan aikin yana motsi, ko kana ganin ƴaƴansa masu suna http ko dpkg suna tashi suna sauka, yana aiki ne, ka bar shi ya gama. Goge makullin a wannan lokaci yana buɗe ƙofa ga apt na biyu ya shiga a kan na farko, kuma kashe dpkg, wanda shi ke yi wa apt ainihin aikin, yana tsakiyar girkawa yana iya barin wata manhaja rabi a ciki rabi a waje; idan abin ya faɗa kan zuciyar tsarin ko kan abin da ke tayar da na'ura, gobe kwamfutar tana iya ƙin tashi. Idan wuta ce ta ɗauke a tsakiyar sabuntawa, abin da muka saba da shi a lokacin zafi, to bayan ka sake kunnawa ka rubuta sudo dpkg --configure -a domin ya ƙarasa abin da aka bari, sannan sudo apt -f install. In kuwa damuwarka ita ce sabuntawar tana cinye maka megas ɗin da ka saya, ka shiga saitin haɗin ka nuna cewa mai ƙididdigar amfani ne, amma ka ware rana guda a mako ka sabunta da hannunka, domin na'urar da ba ta karɓar gyaran tsaro ita ce ke zama abin da za mu tattauna a tambaya ta ƙarshe.

Tambaya ta huɗu, daga wani matashi mai koyon rubuta manhaja a Tahoua: Na ga wani aiki da alamar Z, na yi masa kill -9 sau da yawa bai tafi ba. Akwai wani kuma mai alamar D, shi ma haka.

Ɗana, mai alamar Z ya riga ya mutu, shi ya sa babu abin da za ka kashe. Idan aiki ya ƙare, Linux yakan riƙe lambarsa da sakamakon fitarsa har sai aikin da ya haife shi ya zo ya karɓa. Kafin nan yana zaune a jeri, ba ya cin furosesa, ba ya riƙe RAM. Guda ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Idan suna ta ƙaruwa, laifin na mahaifin ne, kuma tunda kana koyon rubuta manhaja, akwai yiwuwar taka ce ta kira fork ta haifi aiki, ba ta kira wait ta karɓi sakamakonsa ba. Umarnin ps -o ppid= -p tare da lambar aikin zai nuna maka mahaifin; idan ka rufe shi, aiki mai lamba 1 zai ɗauki marayun ya share su.

Mai alamar D kuwa yana da rai, amma yana cikin jiran da ba a katsewa, galibi jiran faifai, ko kebul ɗin ajiya da ya fara lalacewa, ko wata ma'ajiya ta kan hanyar sadarwa da ta yanke. Siginarka tana nan a ajiye, za ta yi aiki idan jiran ya ƙare. Rubuta sudo dmesg ka karanta layukan ƙarshe. Idan ka ga kurakuran karatu daga faifai suna maimaituwa, ka bar batun kashe aiki, ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri a yau ɗin nan.

Tambaya ta biyar, daga wani mai kula da sabar wata ƙaramar ƙungiya a Yamai: Malam, akwai aikin da nake kashewa sai ya dawo da sabuwar lamba. Kuma idan na shiga sabar ta ssh (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) na fara kwafar ajiya, da intanet ya yanke sai aikin ya mutu.

Ɗan'uwa, aikin da ke dawowa yana da mai tayar da shi, kuma shi za ka nema. Rubuta systemctl status tare da lambar aikin, systemd zai gaya maka hidimar da aikin yake ƙarƙashinta. Hidimomi da yawa an saita su ne su sake tashi idan sun faɗi, don haka a idon systemd kashewar da kake yi haɗari ne da ya kamata ya gyara. Hanyar da ta dace ita ce sudo systemctl stop da sunan hidimar, kuma idan ba ka son ta tashi bayan an sake kunna na'ura, sudo systemctl disable. Ga ma'ajiyar bayanai irin PostgreSQL ko MariaDB wannan ya fi muhimmanci, domin rufewa cikin tsari ne ke ba ta damar sauke abin da ke RAM zuwa faifai.

Amma ban ji daɗin yadda ba ka faɗi sunan aikin ba, kuma a nan nake so ka tsaya sosai. Idan sunan baƙo ne, yana cin furosesa dare da rana, kuma babu wata hidima da ka sani da ta mallake shi, ka rubuta ls -l /proc/ sannan lambar aikin sannan /exe, domin ka ga inda ainihin fayil ɗinsa yake. Manhajar kirki takan zauna a wurare irin /usr/bin ko /usr/sbin. Idan hanyar ta nuna /tmp, ko /dev/shm, ko wata ɓoyayyiyar jaka mai farawa da ɗigo, ko aka rubuta cewa an goge fayil ɗin alhali aikin yana gudana, to akwai babbar alamar cewa wani ya shigo ta ssh mai raunin kalmar sirri ya dasa manhajar haƙar kuɗin intanet. Duba crontab -l, jerin ayyukan da aka sa wa lokacin tashi, na kowane mai amfani har da root, mai cikakken iko a tsarin, da fayil ɗin authorized_keys mai ɗauke da makullan ssh da aka yarda da su, domin a can sukan ɓoye abin da ke dawo da su. Idan ka tabbatar, ra'ayina shi ne kada ka tsaya gogewa ɗaya bayan ɗaya: wanda ya samu ikon root ya iya sauya ps da top kansu su riƙa ɓoye shi. Cire sabar daga intanet, kwashe bayanan ƙungiyar, sake girka tsarin daga farko, sauya dukkan kalmomin sirri, kuma daga nan ka shiga da makullin ssh kawai.

Batun kwafar ajiya ya fi sauƙi. Idan haɗin ssh ya yanke, ayyukan da ke manne da wannan taminal sukan samu sigina ta 1, kuma yawancinsu sukan mutu da ita. Girka tmux, manhajar da ke riƙe taminal a raye, a sabar, ka shiga ciki kafin ka fara aikin. Ko haɗin ya yanke aikin zai ci gaba, kuma idan ka dawo ka rubuta tmux attach za ka same shi inda yake. Domin ka fita da kanka ka bar shi yana gudana, danna Ctrl da b tare, ka saki, sannan ka danna d. Idan kuma kwafar tana sa sabar ta yi wa ma'aikatan ofis nauyi da rana, ka fara ta da nice -n 19 a gaban umarnin. Ma'aunin nice, mai raba fifiko tsakanin ayyuka, yana tafiya daga -20 zuwa 19, ayyuka suna farawa a 0, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon yadda aikin zai riƙa ba wasu hanya. Root ne kaɗai ke iya saukar da ita ƙasa da 0. Sai dai nice furosesa kawai yake rabawa, kuma kwafar ajiya ta fi matsa wa faifai, don haka ka haɗa da ionice -c 3, ko kuma ka mayar da kwafar zuwa ƙarfe 2 na dare ta hanyar cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka sa masa, matuƙar sabar tana da batirin da zai riƙe ta idan wuta ta ɗauke a wannan lokacin.